Babban inji ko gyaran na asali: wanne ya dace da ƙaramar mota?

"Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005, inji 1.8, giyarta otomatik. Motar ba ta ba ni matsala, sai dai ba ta da ja. Idan na ɗauki mutum huɗu na kunna esi, hawan tudu yana ba ta wahala, wuce babbar mota kuwa sai da addu'a. Wani makanike ya ce a sauke injin a ɗora mini V6, wato inji mai silinda shida, na Camry. Wani kuma ya ce a bar nawa, a taɓa ƙwaƙwalwar motar a canza salansa, za ta tashi. Wanne zan bi?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka daidai, ba gudu kake nema ba. Kana son motar ta amsa idan ka taka totur tana ɗauke da kaya, a daidai lokacin da kake buƙata. Wannan bambancin yana da amfani, domin makanikan nan biyu kowanne ya ba ka maganin wata cuta daban, kuma ina zargin ba a tsaya an duba wace cutar ce ke damun motar ba.

Inda ƙarfin yake fitowa

Injin fetur yana samun ƙarfi ne daga yawan iskar da ya iya shaƙa ya ƙona. Mai ba shi ne matsala ba, ƙara mai abu ne mai sauƙi. Amma kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar iska giram 14.7 kafin ya ƙone sarai, kuma idan ka zuba mai fiye da abin da iskar za ta iya ci, baƙin hayaƙi kawai za ka samu. To hanyoyin ƙara iska uku ne: a faɗaɗa cikin injin, ko a sa shi ya riƙa juyawa da sauri, ko a tura masa iskar da ƙarfi ta hanyar turbo ko makamancinsa. Duk wata dabara da za a kawo maka, tambayi mai ita a cikin ukun nan wanne take yi. Idan ba ta yin ko ɗaya, abin da za ta ƙara kaɗan ne.

Akwai kuma lambobi biyu da ake yawan cakuɗawa. Ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm, shi ne yadda injin ke murɗa karanshaf a kowane juyi. Ƙarfin doki kuwa shi ne wannan murɗawar a ninka ta da saurin juyin injin. Injin motarka, wanda Toyota ke kira 1ZZ-FE, yana ba da doki kusan 130 a juyi 6,000 a minti, da murɗawa wajen Nm 170 a juyi 4,200. Ka lura da inda lambobin suke, can sama. Idan kana tafiya allurar da ke nuna juyin inji tana kan 2,500, dokin da ke hannunka bai fi 50 da 'yan kai ba. A 5,000 ya haura 100. Direbobi da yawa suna jin tsoron allurar ta wuce 3,000, gani suke injin zai fashe, sai su yi shekaru suna tuƙa rabin motarsu suna kukan ba ta da ƙarfi. Inji mai lafiya, wanda ya ɗauki zafi kuma baƙin mansa mai kyau ne, ba abin da zai same shi don ya kai 5,000 na 'yan daƙiƙu. Kafin ka fita wuce babbar mota, kashe O/D, wato maɓallin giya ta sama, ko ka ja giyar zuwa 3, gwargwadon yadda taka take, ka ji yadda za ta canza.

A fara nemo dawakan da suka ɓace

Motar da ta yi shekara ashirin a hanya ba lallai ba ne tana ba da abin da aka rubuta a takarda. A aikina, mafi yawan motocin da aka kawo da ƙorafin rashin ja, ba ƙanƙantar inji ce matsalarsu ba. Na'urar da ke auna iska a bayan matatar iska takan yi datti, sai ta riƙa faɗa wa ƙwaƙwalwar motar ƙarya. Matatar hayaƙi da ke cikin salansa takan toshe, injin ya kasa fitar da numfashi, kuma alamarta ita ce irin wadda ka faɗa: a fili lafiya lau, a tudu sai ta mutu. Akwai fulogi da suka cinye, famfon mai da ya gaji, birki da ke riƙe taya ɗaya ba a sani ba, man giya da ya ƙone har giyar tana zamewa. Akwai kuma manyan tayoyi da aka sa don ado. Tayar da ta fi ta asali tsayi tana yi wa mota daidai abin da hawa giya ta sama ke yi, tana rage mata ja a kowace giya.

Saboda haka kafin a kwance ko noti ɗaya, a jona na'urar bincike a karanta abin da ƙwaƙwalwar ta ajiye, sannan a yi gwajin matsi a silinda huɗun. Abin da ake so shi ne lambobin su zo kusa da juna, kada bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100. Wannan gwajin ne zai raba gardama. Injin da matsinsa ya zube ba a ƙara masa ƙarfi, domin duk abin da aka ɗora masa saurin mutuwarsa kawai zai ƙara.

Abin da taɓa ƙwaƙwalwa ke iya yi

A nan ne nake ganin makanike na biyu ya yi maka alkawarin da ba zai cika ba. Sauya lissafin ƙwaƙwalwar mota yana canza abu biyu zuwa uku: lokacin da fulogi ke kawo wuta, yawan man da ake fesawa, da kuma, idan akwai turbo, yawan iskar da ake turawa. Na ukun nan ne mai tsoka. A injin da ba shi da turbo, kamar naka, iskar da ke shiga ita ce wadda fistin ya zuƙo da kansa, kuma babu lissafin da zai ƙara ta. Abin da za a samu bai wuce 'yan dawakai ba, irin wanda na'urar gwaji za ta gani amma ƙafarka ba za ta ji ba. Wasu masu wannan aiki sukan sa totur ya riƙa amsawa da wuri, ka taka kaɗan ya buɗe da yawa, sai ka ji kamar motar ta tashi. Taka shi har ƙasa ka gani, ƙarfin da kake da shi jiya shi ne dai na yau.

Salansa ma haka. Idan ta asali ba ta toshe ba, sa mai faɗi ƙara ce kawai za ta ba ka, wani lokaci ma ta rage ja a ƙasan allura, wato daidai inda kake kuka. Kunne yana yaudarar direba ƙwarai, motar da ke ruri sai a ɗauka gudu take.

A injin da ya zo da turbo daga kamfani labarin daban ne, kuma daga nan ne sunan wannan aiki ya samo asali. Misalin da na fi so shi ne injin 1.8T na Volkswagen da Audi. Inji ɗaya ne a girma, amma an sayar da shi da doki 150 a wasu motoci, 180 a wasu, har 225 a Audi TT. Wannan ya nuna akwai sarari a cikinsa, kuma masu gyara sun daɗe suna fitar da ƙarin ƙarfi daga na 150 ta hanyar lissafi kawai. Amma duba abin da kamfanin ya yi kafin ya kai 225: ya sa turbo mafi girma, ya sa masanyayar iska biyu, ya rage matsin silinda. Wato ko su da suka ƙera injin ba su yarda lissafi kaɗai ya isa ba bayan an wuce wani mataki.

Saura a ce a ɗaura wa naka turbo. Yana yiwuwa, kuma shi ne kaɗai gyaran da zai ba ka abin da za ka ji a jiki. Iskar da muke shaƙa matsinta kusan 1 ne a ma'aunin matsi da ake kira bar, idan aka ƙara rabin bar a kai, a lissafi injin zai samu iska da ta fi ta da da kusan rabi. TRD, sashen Toyota na kayan tsere, ma ya taɓa sayar da na'urar tura iska mai aiki da bel don wannan injin a Corolla da Matrix na 2003 da 2004, wadda ta kai shi sama da doki 160. Sai dai matsin silindar injinka 10 ne a kan 1, wato fistin yana matse iska har ta koma kashi ɗaya cikin goma na girmanta, an ƙera shi ne don ya shaƙi iska da kansa. Idan aka tura masa da yawa, ko fetur ɗin bai da inganci, man yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama bin sa, ka ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan fashewar ce ke fasa gefen fistin ta ƙona gasket. Kare injin daga gare ta yana buƙatar manyan nozul, masanyayar iska, da mutumin da zai zauna da motar a kan na'urar gwaji yana daidaita lissafi mataki-mataki. Kayan ana samunsu. Mutumin ne ke da wuyar samu, kuma aikin duka a hannunsa yake.

Ɗora V6

Yanzu ga shawarar makanike na farko. Idan V6 na Camry ƙirar 2007 zuwa sama yake nufi, wato 2GR-FE mai lita 3.5, to doki 268 ne da murɗawa wajen Nm 336. Ninki biyu ke nan na abin da aka gina motarka a kai. Kowane abu da ke tsakanin injin da kwalta an auna shi ne da Nm 170.

Giyarka ba za ta haɗu da shi ba, ko ta haɗu ba za ta ɗauka ba. Toyota da kanta, a Camry ɗaya, ta ba mai silinda huɗu giya mai hawa biyar, ta ba V6 wata daban mai hawa shida. To dole giyar ta biyo injin. Idan giya ta canza, shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba ba za su yi daidai ba a tsawo da haƙora, sai an ƙera ko an haɗa. Mazaunan inji sai an yanka an yi walda, kuma idan aka kuskure kusurwa ko da kaɗan, shaf zai riƙa cin kansa, motar ta riƙa rawa. Lagireto sai babba, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da fetur ke bayarwa ta ruwa yake fita, injin da ya ninka ƙarfi kuwa ya ninka zafi idan ana aiki da shi. Ga famfon mai, ga salansa mai reshe biyu da za a nema wa hanya a wurin da aka tsara don reshe ɗaya, ga tukunyar birki da sitiyari da ke tsaye daidai inda kan injin na baya yake so ya zauna.

Sannan nauyi. Motar mai ja da gaba ce, dama gabanta ya fi nauyi. Ƙara mata inji da giya masu nauyi a kan hanci yana sa ta ƙi shan kwana, ka murɗa sitiyari ita kuma tana son ta miƙe. Shokazoba da sifirin na gaba sai an canza. Birki kuwa bai san girman inji ba, gudu da nauyi ya sani, kuma aikinsa yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa: tsayar da mota daga kilomita 140 a awa yana zuba wa birki zafi kusan ninki biyu na tsayar da ita daga 100. Injin da zai kai ka 140 cikin ƙiftawar ido a kan birkin Corolla, wannan ba gata aka yi maka ba.

Mutane sukan kawo misalin Carroll Shelby, wanda a 1962 ya ɗora V8 na Ford a ƙaramar motar AC ta Ingila aka samu Cobra. Gaskiya ne, kuma a wancan zamanin inji bai buƙatar komai sai mai, wuta da ruwa. Misalin da ya fi kusa da halinka shi ne Mercedes 500E na farkon shekarun 1990. Da kamfanin ya so ya sa V8 mai lita 5 a bodin motarsa da ake kira W124, sai da ya haɗa kai da Porsche, aka sake fasalin ɗakin injin, aka faɗaɗa gefunan taya, aka sa manyan birki, aka mayar da batir but saboda rashin wuri da daidaita nauyi. Manyan kamfanoni biyu ke nan da injiniyoyinsu, a motar da dama babba ce.

Abin da ya fi kayar da irin wannan aiki a yau ma ba ƙarfe ba ne, waya ce. Injin zamani ba ya tashi sai ƙwaƙwalwarsa ta gane makullin da aka sa. Ƙwaƙwalwar tana magana da giya, da na'urar hana birki kullewa, da allon gaban direba, da esi, ta wani layin sadarwa da ake kira CAN wanda Bosch ya fito da shi a 1986. Injin 2007 yana jiran saƙonni daga na'urorin da babu su a motar 2005. Na sha ganin motocin da aka gama musu aikin ƙarfe tsaf, injin yana tashi, amma allurar zafi ba ta motsi, esi ba ya kamawa, giya ta maƙale a hawa ɗaya, fitilar gargaɗi tana kunne dare da rana. Mai motar ya saba da fitilar, ranar da matsala ta gaske ta zo ba abin da zai sanar da shi. Wasu kuma suna nan a bayan gareji an lulluɓe su, kuɗi ya ƙare aiki bai ƙare ba.

Canjin injin da nake yarda da shi

Ba kowane canjin inji nake ƙi ba. Tambayar da nake fara yi ita ce: kamfanin ya taɓa sa wannan injin a wannan bodin? Idan ya taɓa, to akwai mazaunai, shaf, lagireto, wayoyi da birki da aka riga aka ƙera, aikin ya zama na kwancewa da ɗaurawa. Kuma ko a nan ba na son a sayo inji shi kaɗai. A samo motar da ta yi hatsari ta baya, a kwashe komai daga gabanta har makulli da ƙwaƙwalwa, a ajiye ta kusa har a gama, domin kullum akwai wani ƙaramin soket ko ƙarfe da ba a tuna da shi ba.

A bodin motarka, Toyota ba ta taɓa sa V6 ba. Abin da ta sa shi ne 2ZZ-GE, a Corolla XRS na 2005 da 2006, mai doki wajen 170. Zai zauna ba tare da yanka ba, amma ba zan ba ka shawararsa ba. Girmansa ɗaya da naka, 1.8, ƙarin ƙarfinsa duk yana sama da juyi 6,000, kuma da giyar hannu mai hawa shida aka haɗa shi. A tudu da mutum huɗu a juyi 3,000, kusan abin da kake ji yanzu shi za ka ji. Injin ɗan tsere ne, kai kuwa mai ɗaukar iyali ne.

Akwai wani abu da ake mantawa: ja rabo ne tsakanin ƙarfi da nauyi. Lotus ta sa irin injinka, 1ZZ-FE, a motarta Elise wadda nauyinta bai kai kilo 900 ba, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 6 da ɗan kai. Corolla tana da wajen kilo 1,150 ba kowa a ciki. Zuba mata manya huɗu da kayansu, ka ƙara mata kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta, esi kuma ya karɓi nasa rabon. Abin da kake ji a tudu lissafi ne, ba lallai ciwo ba.

Takardu da ranar sayarwa

Lambar inji tana cikin takardun mota a ƙasashe da yawa, kuma canza shi ba tare da sanarwa ba laifi ne. A Birtaniya sai an sanar da hukumar rajistar motoci ta DVLA an gyara takardar mallaka. A Jamus sai masu duba lafiyar mota irin su TÜV sun gwada sun amince an rubuta. A jihar Kalifoniya ta Amurka, injin da za a ɗora dole ya zama sa'an motar ko wanda ya fi ta sabunta, tare da duk na'urorinsa na tace hayaƙi. Ka bincika dokar inda kake kafin ka biya kuɗin komai. Kamfanin inshora ma yana iya ƙin biya idan aka yi hatsari ya gano injin ba shi ne wanda aka rubuta ba, kuma wannan ya shafi turbo da aka ɗaura daga baya.

Ranar sayarwa kuma, abin da ke sa Corolla daraja shi ne kowane makanike ya san ta, kayanta kuma ana samu. Corolla mai V6 mutum ɗaya ne ya san yadda aka haɗa wayoyinta. Idan ya yi tafiya ko kuka ɓata, kai da motar kun zama marayu.

Abin da zan yi da motar tawa ce

Ban ga motarka ba, ban ji ƙarar injinta ba, don haka gwajin matsi da abin da na'urar bincike ta nuna sun fi maganata. Amma ga yadda zan bi. Zan gyara duk abin da binciken ya tono, in mayar da tayoyi girmansu na asali, in canza man giya, in koyi sauke giya kafin tudu ba a tsakiyarsa ba. In yi wata guda ina tuƙa ta a haka. Idan matsin ya zube, zan sa a yi wa injin garambawul ko a kawo irinsa sak mai lafiya, domin wannan canji ne na kwana ɗaya ko biyu da ba ya taɓa waya ko takardar ƙira, sai lambar inji kawai da za a sabunta.

Idan bayan wannan duka har yanzu ba ta ishe ka ba, to motar ce ta yi maka kaɗan, kuma kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba a ɗora mata V6. Ka haɗa kuɗin injin, giya, shaf, lagireto, birki, wayoyi da ladan aiki, ka ɗora a kan abin da za a sayi Corollar a yau tana lafiya. Da wuya jimillar ta gaza kuɗin Camry da ta fito daga kamfani da injin da kake sha'awa. Ga irin buƙatarka ma ba sai V6 ba. Camry mai silinda huɗu 2.4 tana da murɗawa wajen Nm 220, kuma tana ba da mafi yawansa tun allura tana ƙasa. Ka nemi wanda zai ba ka aronta, ka zuba mutum huɗun nan, ka kunna esi, ka hau tudun da ke ba ka wahala kafin ka yanke shawara.